Tambayi Likita: Furen Lamei na Ƙasar Sin

Tambaya: Likita, maigidana ya dawo daga kasuwanci a Guanzu da wani busasshen fure rawaya mai ƙamshi, wai shi lamei. An ce masa maganin tari ne. Da gaske ne? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Hajiya, da ƙamshin gaskiya a maganar. Lamei itace ne ɗan asalin ƙasar Sin, yana fure a tsakiyar hunturu, tun ganye bai fito ba. Masu maganin gargajiyar can sukan tsinke furen kafin ya buɗe, su shanya, a jiƙa a ruwan zafi a sha don tari, kaikayin maƙogwaro da ƙishirwar lokacin zafi. Li Shizhen, wani tsohon masanin magunguna na ƙasar Sin, ya ambace shi a kundinsa na magunguna da aka buga a 1596. Ni dai ina ɗaukarsa a matsayin shayi mai sanyaya maƙogwaro, iyakarsa ke nan. Tarin da ya wuce mako biyu, ko ya zo da jini, rama ko zufar dare, a je a yi gwajin tarin fuka. Mai juna biyu da ƙananan yara kuwa su haƙura da shi.

Tambaya: Na ji ana shan 'ya'yansa don wankin ciki. In gwada? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Kul, ɗana! Gaskiya ne a wasu ƙauyukan Sin an yi amfani da su haka, amma ƙwayar na ɗauke da guba mai suna kalikantin, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa ta jawo jijjiga da sanƙarewar jiki. Ko dabbobin da suka ci sukan kamu. Wanda ya haɗiya bisa kuskure a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Tambaya: Wai man furen yana warkar da ƙuna? Daga wata mai tuyar ƙosai.

Amsa: Yaya, Sinawa kan jiƙa furen cikin mai su shafa a ƙuna, amma ban yarda a sa kowane irin mai a sabuwar ƙuna ba, yana riƙe zafin ne a fata. Ki tara wurin a ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, minti 20, ki cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, ki rufe da tsabtataccen ƙyalle. In ta kai faɗin tafin hannu, ko ta taɓa fuska ko yatsu, sai asibiti.