Hanyar sauka daga Mürren zuwa Gimmelwald

Hajiya, kin tambaya ko ke da kika baro Kumasi zuwa wurin ɗanki a Suwizalan za ki iya yawon yini ɗaya a tsaunukan Alps ba tare da hawa mai wahala ba. Za ki iya, in sha Allahu, kuma shawarata ita ce ki bi hanyar da ta gangara daga Mürren zuwa ƙauyen Gimmelwald.

Daga ƙauyen Lauterbrunnen da ke cikin kwari za ki shiga keken da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe zuwa tashar Grütschalp, sannan ƙaramin jirgin ƙasa ya kai ki Mürren, mai tsayin fiye da mita 1,600. Daga nan gangare ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, kina ratsa makiyaya da gidajen katako, tsaunin Jungfrau mai mita 4,158 yana fuskantarki da ƙanƙara a kansa. Wanda ya taɓa hawan dutsen Afadjato na ƙasar Ghana zai ga wannan da sauƙi ƙwarai.

Sai dai gangare yana cin gwiwa, don haka ki riƙe sanda, ki kuma ɗauki rigar sanyi ko da a watan Yuli ne, domin iskar can ta fi hunturunmu kaifi.