Ku Tambaya Mu Amsa: Wane Iyafis Ne Ya Dace da 'Yar MP3 Ɗin Baba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina, wanda ya haura shekara 70, yana da wata 'yar ƙaramar na'urar MP3 da muka cika masa da karatun Alƙur'ani da tafsirai na Hausa, kuma da ita yake kama rediyo bayan sallar asuba. Iyafis ɗin da ya zo da ita ya tsinke, sai na saya masa wani a shagon kayan waya na unguwarmu, amma da ya sa, sai muryar mai karatu ta riƙa fitowa can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya, ba ta dawowa daidai sai an danne maɓallin da ke jikin igiyar. Mai shagon ya ce na'urar ce ta tsufa, in saya masa na Bluetooth. Shin da gaske ta lalace ne, kuma wane iri ya kamata in nema? Daga wata mai karatu a Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya kuma saka miki da alheri. Bisa ga abin da kika bayyana, na'urar lafiyarta ƙalau, domin da ta lalace, danne maɓalli ba zai dawo da muryar ba. Matsalar tana ga bakin iyafis ɗin da kika saya, wato ɗan ƙarfen nan mai kaurin milimita 3.5 da ake sokawa a jikin na'ura.

Ki ɗauko tsohon da sabon ki jera su, ki dubi zobban roba da suka zagaye ƙarfen. Ina kyautata zaton za ki ga na tsohon biyu ne, na sabon kuwa uku. Mai zobe biyu ya kasu gida uku: gidan kunnen hagu, gidan kunnen dama, da gidan da wutar kunnuwan biyu take komawa ta cikinsa. Mai zobe uku an yi shi ne domin wayar salula, saboda haka aka ƙara masa gida na huɗu na makirfo. Wasu ƙananan na'urori, musamman tsofaffi, idan aka soka masu irin wannan, sai ƙarfen da ke cikin raminsu ya sauka a kan gidan makirfo maimakon gidan komawar wuta, kuma idan haka ta faru, duk sautin da yake iri ɗaya a kunnuwan biyu sai ya kusan ɓacewa. Karatu da tafsiri kuwa murya ɗaya ce ake aika wa kunnuwan biyu daidai wa daida, shi ya sa abin ya fi muni a wajen Baba fiye da yadda zai yi wa mai sauraron kiɗa. Shi maɓallin, haɗe gidajen nan biyu yake yi idan an danne shi, daga nan sai muryar ta dawo. Har ma a tsakanin masu zobe ukun akwai tsari biyu da suka saɓa wa juna, CTIA wanda yawancin wayoyin yau suke bi, da OMTP na wasu tsofaffin wayoyi, to amma ke ba ki da buƙatar shiga wannan rigimar. Ki nemi samma'a, wato iyafis, mai igiya, mai zobe biyu, marar makirfo, tunda Baba ba kira zai amsa da ita ba.

Game da Bluetooth, ban goyi bayan mai shagon ba. Da yawa daga cikin waɗannan ƙananan na'urori ba su da shi sam, sai an ƙara sayen wani ɗan abin da zai riƙa tura sauti, ka ga an tara wa dattijo abubuwa uku da kowannensu yake neman caji. Sannan kin ce yana kama rediyo, alhali a irin waɗannan na'urori igiyar iyafis ita ce eriyar FM, in babu ita sai shuu kawai. Dalilin da ya sa masu shago suke tura mutane can a fili yake: tun da Apple ya cire ramin soka iyafis daga iPhone 7 a 2016 sauran kamfanoni suka bi sahu, kasuwa ta koma ga marasa igiya da masu bakin USB-C, kuma abin da ya cika kanta shi ake so a sayar. Ki kula kada a ba ki mai bakin USB-C ko na Lightning irin na wayoyin Apple, domin ko da na'urar Baba tana da ramin da zai shiga, galibi na caji ne da zuba karatu, ba na fitar da sauti ba.

Akwai lambobi biyu a bayan kwali da suka cancanci a duba. Ta farko ita ce ta ohm, wadda take nuna yadda iyafis yake tauye wutar da aka aika masa. Ƙaramar na'ura mai ɗan batir ta fi jituwa da mai ohm 16 zuwa 32, amma manyan da ake aiki da su a ɗakin ɗaukar murya, masu kai wa 250, za su yi mata nauyi, a ƙure ƙara kuma a ji sautin bai taka kara ya karya ba. Ta biyu ita ce ta dB, wadda take nuna yawan ƙarar da yake bayarwa da ɗan abin da ya samu, kuma abin da ya kai wajen 100 ya wadatar. Rubutun nan na 20Hz zuwa 20kHz, mai nuna iyakar sautin da iyafis yake fitarwa daga mai kauri zuwa siriri, kada ya ɗauki hankalinki, kusan kowane kwali yana ɗauke da shi, na kirki da na banza.

Abin da na fi so ki tsaya a kansa shi ne irin sautin. Yawancin iyafis masu araha an yi su ne domin matasa masu son dukan ganga, saboda haka ake ƙara masu kauri, har a rubuta hakan da manyan baƙaƙe a kwali a matsayin talla. Wannan kaurin yana danne siraran sautuka, waɗanda da su ne kunne yake rarrabe sinun da sadi, ko ta da ɗa, kuma su ne dama suke fara kuɓuce wa mutum idan shekaru suka ja. Wanda yake bin karatu harafi bayan harafi murya garau yake bukata. Hanyar gane wannan ɗaya ce: ki tafi shagon da na'urar a jakarki, in da hali ma tare da Baba, a soka a saurari surar da ya saba ji, a ɗan murza bakin a ga ko sautin zai yanke, a kuma kunna rediyon. Manyan shaguna irin su Jarir da eXtra ba kasafai suke buɗe kwali ba, amma za ki samu na asali da fatura, wato rasit. Ƙananan shagunan kayan waya sun fi yarda a gwada, sai dai a can ne ake cin karo da jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni. Duk inda kika saya, ki karɓi fatura ki adana. Ba sai kin zuba riyaloli masu yawa ba, mai matsakaicin kuɗi daga kamfanin da aka sani, irin su Sony ko Panasonic ko Philips, zai biya bukata.

Sai kuma zaman abin a kunne. Mai robar da take shiga cikin kunne yana toshe hayaniyar waje, don haka ba sai an ƙure ƙara ba, kuma yakan zo da robobi manya da matsakaita da ƙanana, a gwada har a samu wadda ta zauna ba tare da ciwo ba. Wasu dattawan ba sa jure shi, musamman a zafin Makka da yake wuce digiri 40 a bazara, ga gumi, ga damshin alwala. Idan Baba yana cikinsu, a nemo masa mai zama a bakin kunne ko marar nauyin nan da ake ɗorawa a ka. A riƙa goge kunne ya bushe kafin a sa, a kuma cire robobin lokaci-lokaci a wanke su. Ki zaɓi mai lanƙwasasshen baki, domin miƙaƙƙe yana saurin karyewa a aljihun jallabiya idan mutum ya zauna ko ya yi sujada, kuma daga nan ne yawancin igiyoyi suke tsinkewa.

Ina roƙon ki sa ido a kan yawan ƙarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har tsawon awa 40 a mako ba tare da fargaba ba, amma lokacin yana raguwa ƙwarai da zarar ƙarar ta ɗaga. Idan kina zaune kusa da shi kina jiyo karatun daga kunnensa, ya yi yawa. Idan kuma an samu iyafis mai kyau amma har yanzu sai ya kai ƙarar ƙarshe yake ji, ko yana kukan shuwa a kunne, to a kai shi wajen likitan kunne a auna jinsa, don wani lokaci dauɗa ce kawai ta toshe. Idan zai taka zuwa masallaci ta bakin titi, ya bar kunne ɗaya a buɗe.

TAMBAYA: Nawa iyafis ɗin kunne ɗaya ne ya daina yi, wani lokaci kuma ya dawo. In jefar ne? Daga wani tela a Jidda.

AMSA: Malam, kada ka yi gaggawa. Ka fara soka shi a wata na'urar. Idan kunnuwan biyu suka yi, to ramin na'urarka ne ya cika da ƙura da burbushin zare, abin da ba ya wuya a shagon ɗinki, sai ka kashe ta ka zaƙulo shi a hankali da tsinken sakace, ban da allura ko wani ƙarfe. Idan har a can ma kunne ɗaya ne, ka duba 'yar ragar da ke bakinsa ko dauɗa ta liƙe ta, ka goge da busasshen burushin haƙori. Amma idan sai ka lanƙwasa igiyar kusa da baki sannan sautin yake dawowa, to wayar ciki ta tsinke. Mai gyara zai iya yanke wurin ya sa sabon baki, sai dai ka fara tambayar kuɗin aikin, domin a iyafis mai araha yakan kai kuɗin sabo.