Amsa ga Almajirin Lambu kan Sanya wa Mangwaro Jaka

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke wahalar da kanmu da ɗaura wa mangwaro jaka ɗaya bayan ɗaya, alhali ga maganin feshi a kasuwar Sinja, garinmu na nan Sudan. Dalilin yana cikin halin ƙudan 'ya'yan itace da muke yaƙa. Macen ƙudan tana huda fatar mangwaro ko gwaba ta zuba ƙwai a ƙarƙashinta, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana biyu zuwa uku, tsutsa ta shiga cin naman daga ciki, inda feshi ba ya kai mata. Mafi ɓarna a cikin ire-iren ƙudan nan baƙo ne daga Asiya, an fara ganinsa a Kenya a 2003, kuma ba a daɗe ba ya iso lambunan Sudan.

Aikin jakar shi ne ta hana macen sauka, don haka lokacin ɗaurawa ya fi komai. Ka bari itacen ya gama zubar da ƙananan 'ya'yan da ba zai riƙe ba, sannan ka ɗaura idan mangwaron ya kai girman ƙwan kaza. Wanda ya jira sai ƙamshi ya fara tashi, ya rufe tsutsa ne a cikin jakarsa. Ka duba kowane ɗa kafin ka rufe shi. Mai tabo ko ɗigon ƙaro a fata, ka tsinke shi.

Kada ka yi amfani da leda, ko da ta fi araha, domin a zafin nan namu tana tara gumi a ciki, mangwaron ya ƙone ko ya ruɓe. Takarda mai kauri ita ce daidai, ko tsohuwar jarida a ninka biyu. Ka ɗaure bakin a jikin karan da zare, da ƙarfin da zai hana tururuwa shiga amma ba zai shaƙe karan ba. Bayan guguwa ko ruwan farkon damina ka zagaya ka canza waɗanda suka yage.

Ba kowane itace ne ya cancanci wannan hidima ba. Dogayen tsofaffin itatuwan baladi, wato mangwaron gida, kuɗin 'ya'yansu ba zai biya wahalar hawa ba, sai dai a rataya musu tarko, ko da yake tarkon da aka fi sayarwa mazan ƙudan kawai yake kamawa. Jaka ta mangwaro irin su Abu Samaka da Alfonso ce, waɗanda dillalai ke saye da daraja.

Abin da ya faɗo ƙasa kuwa kada ya kwana a gindin itace, domin tsutsar a cikin ƙasa take rikiɗewa ta fito ƙuda. Ka tattara shi kowace safiya ka binne a rami mai zurfin aƙalla rabin mita, ko ka ƙulle shi a baƙar leda ka ajiye a rana.