Tambayi Likita: Kula da Wajen Ɗinki Bayan Sauya Gwiwa ko Ƙugu

Tambaya: Likita, yaushe ake cire zaren ɗinki?

Amsa: Galibi tsakanin kwana 10 zuwa 14, kuma a asibiti. Kada a taɓa shi a gida.

Tambaya: An yi wa mahaifiyata aikin gwiwa a Indiya, yau mako 3. Wajen yana tsattsafo da ruwa, ya ɗan yi ja. Maƙwabciyarmu ta ce a gasa da ruwan zafi, a fasa kafso a barbaɗa, a bi da man shanu. Mu yi?

Amsa: Don girman Allah kada ku yi, Hajiya. Wallahi wannan ɗabi'a ta fasa kafso tana ci mini rai. Ai ba ƙurji ba ne, ba kuma targaɗe ba ne. A ƙarƙashin ɗinkin nan ƙarfe ne da roba aka dasa a ƙashin Mama. Ƙarfe ba shi da jini, don haka idan ƙwayoyin cuta suka kai gare shi sai su manne, su lulluɓe kansu da yauƙi, magani ya kasa cim musu. Daga nan sai a sake buɗe gwiwar a wanke, wani lokaci ma a cire ƙarfen ɗungurungum, a yi makonni ana allura. Duk kuɗin da kuka tara da wahalar tafiya sun tashi a banza.

Kada ku saya mata maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis. Yana ɓoye cutar, gwaji ya kasa gano ta. Ku wanke hannu da sabulu, ku rufe wajen da bandeji mai tsabta, ku kai ta wurin likitan ƙashi yau, ba gobe ba. Ba sai kun koma Indiya ba. In kuna kusa da Kano, ga Asibitin Ƙashi na Dala. In tana da ciwon sukari, a auna shi. Zazzaɓi, mugunya, wari, kumburin sha-raɓa ko sarƙewar numfashi kuwa, ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Tambaya: An sauya mini ƙugu saboda sikila. Yaya zan yi salla da wanka?

Amsa: Malam, yi sallarka a kan kujera mai tsayi, ka guji tsuguno ko a banɗaki, har likitanka ya ba ka izini. Wanka kuwa, kada ruwa ya jiƙa ɗinkin kafin ya kame. Ka ga ya jiƙe ko yana zubar da ruwa, koma asibiti.