Tambaya da Amsa: Baki da waƙa sun ƙi haɗuwa, da sauran matsalolin masu ɗaukar bidiyo da waya

Wasiƙun wannan wata sun fi yawa daga matasan da ke haɗa bidiyon waƙa da 'yan gajerun finafinan gwaji don sha'awa. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su.

Daga wani mai karatu a Garwa: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar bidiyon waƙoƙin abokina da waya. Idan na zo tacewa a CapCut, farkon waƙar baki da sauti suna tafiya daidai, amma kafin minti biyu sai ɗaya ya riga ɗaya. Ina laifin yake?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda farko yana zama daidai, daga baya ne abin ke zamewa, da wuya laifin ya zama na hannunka. Yawancin wayoyi ba sa riƙe adadin firam ɗaya, wato yawan hotunan da suke ɗauka a kowane sakan, daga farko har ƙarshe. Ka saita 30 a sakan, amma da haske ya ragu ko wayar ta yi zafi sai ta sauko ƙasa da haka ba ta faɗa maka ba. Waƙar da ta fito daga situdiyo kuwa ba ta jiran kowa. Magani biyu ne. Mai sauƙin shi ne ka daina ɗaukar waƙa gaba ɗaya a zama guda: ka yanka ta baiti-baiti, kowane ɗauka kada ya wuce sakan 30 zuwa 40, ka daidaita kowanne daban. Idan kana da kwamfuta, ka bi da bidiyon ta manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, ka zaɓi "Constant Framerate", wato adadin firam da ba ya sauyawa, kafin ka fara tacewa.

Akwai kuma abin da ya kamata a yi tun a wurin ɗauka, wanda mutane da yawa ke tsallakewa. Ka sa mai kiɗan ya yi maka kwafi na musamman, mai ƙara huɗu kaifafa, ƙit-ƙit-ƙit-ƙit, kafin waƙar ta shiga. Wannan kwafin za a riƙa kunnawa a sifika, kuma wayar da ke ɗauka ta kama sautin, komai muninsa. A wajen tacewa sai ka buɗe zanen sautin, ka ɗora tsinin ƙara huɗun na bidiyo a kan na asalin waƙar, sannan ka kashe sautin bidiyon. Daidaitawa da ido, kana kallon leɓe, ɓata dare ne kawai.

Mawaƙin ya rera da murya sosai, kada ya tsaya motsa baki, domin jijiyar wuya da numfashi suna tona asirin wanda bai rera ba. Sifikar kuma ta tsaya kusa da shi. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a sakan, don haka duk mita 14 da ka ƙara tsakaninsa da sifika, ya makara da firam ɗaya a bidiyo mai firam 25. A yashin bakin Binuwai, inda ake son ɗauko mutum daga nesa, wannan kaɗai ya isa ya ɓata aiki.

Tunda mun zo nan, ga yadda ake sa jiki da riga su tafi a hankali baki kuma ya ci gaba da bin waƙa: a ɗauka a firam 50, a kunna waƙar da ninki biyu na saurinta, mawaƙi ya bi ta haka, a wajen tacewa a rage saurin bidiyon zuwa rabi. A amshi mai jan murya yake yiwuwa. Baiti mai cunkoson kalmomi harshe ba zai iya ba.

Daga wata mai karatu a Njamena: Idan na ɗauka cikin ɗaki da dare, sai wasu layuka baƙaƙe su riƙa bin hoton daga sama zuwa ƙasa. Wayar ce ta lalace?

Wayarki lafiya lau, 'yar'uwa. Wutar lantarkin Chadi da Kamaru tana juyawa sau 50 a sakan, saboda haka ƙwan fitila yana ƙiftawa sau 100. Ido ba ya gani, kyamara tana gani idan saurin ƙiftawarta bai dace da na wutar ba. Ki shiga sashen "Pro" na kyamarar, ki sa saurin a 1/50 ko 1/100, firam kuma 25 idan akwai. In wayar ba ta ba ki wannan dama ba, manhajar Open Camera tana bayarwa a wayoyin Android da yawa. Idan janareta ne ke ba da wutar, layukan na iya dawowa duk da haka, domin ƙaramin janareta ba ya tsayawa a kan 50 daidai. A nan fitila mai batir ta fi, amma ki ƙure haskenta, ki rage shi ta hanyar ja da ita baya ko rataya farin ƙyalle a gabanta. Masu arha da an rage su da maɓalli sai su fara nasu ƙiftawar.

Daga wani mai karatu a Marwa: Fuskar mawaƙina tana fitowa baƙi ƙirin, sama kuma fari fat. Ga wayar tana kashe kanta saboda zafi.

Malam, da tsakar rana kake ɗauka, ko? Waya tana auna haske da abin da ya fi yawa a gabanta. Farar riga da sararin sama suka cika mata ido, sai ta rage haske, fuska ta tafi. Ka danna kan fuskar ka riƙe har ma'aunin haske ya kulle, ka yarda sama ta ɗan ƙone. Ka samo farin allo ko kwali mai faɗin kamar mita ɗaya, wani ya riƙe shi daidai ƙirjin mawaƙin yana mayar masa da haske a fuska. Takardar azurfa da aka liƙa a kwali ta fi ƙarfi, sai dai tana sa mutum runtse ido, gara a cukuikuye ta kafin a liƙa. Riga shuɗiya ko ruwan ƙasa ta fi fara sauƙin sha'ani. Lokaci mafi kyau shi ne awa ɗaya bayan fitowar rana da kuma bayan la'asar sakaliya. Hazon hunturu ma, da mutane ke gudu, yana tausasa haske ya yi wa baƙar fata kyau, muddin kana goge idon kyamara kafin kowane ɗauka.

Zafi kuwa, a Maris da Afrilu da ake wuce digiri 40: cire rigar wayar, sa ta a yanayin jirgin sama, sauko da girman hoton daga 4K zuwa 1080, riƙe mata lema, kada ka ɗauka tana caji. Kada kuma ka jefa ta cikin firij, raɓa za ta taru a cikinta.

Daga wata ɗaliba a Ngaundare: Ni ba waƙa nake so ba, ba kuma labari irin na fim ba. Ina son hoto da sauti kawai, abin da zai sa mutum ya tsaya. Ta ina zan fara, alhali waya ɗaya gare ni?

Madalla da wannan tambaya, ƙanwata. Ki fara da ɗaure kanki: minti ɗaya, abu ɗaya, dabara ɗaya. Masu farawa sun fi faɗuwa a wajen tara duk wani ƙyale-ƙyalen da ke cikin manhaja a bidiyo guda, ya fito kamar katin gayyatar biki.

Dabarar da ta fi dacewa da waya ɗaya ita ce raya abu marar rai da hotuna ɗaiɗai. Ki zuba gero ko wake a kan baƙin ƙyalle, ki ɗauki hoto, ki matsa ƙwayoyin kamar rabin santimita, ki sake ɗauka. Hoto 12 ne sakan ɗaya, wato sakan 15 na cin hoto 180, aikin yamma guda. Manhajar Stop Motion Studio tana nuna inuwar hoton baya a kan na yanzu, ki ga iyakar matsawar. Abubuwa uku ke ɓata shi. Wayar ta motsa, don haka a ɗaure ta a gefen tebur, a riƙa dannawa da maɓallin ƙara na igiyar kunne. Hasken rana ya sauya tsakanin hoto da hoto, don haka a rufe taga a kunna fitila ɗaya. Wayar ta riƙa sauya fokas da launi da kanta, don haka a kulle su tun hoton farko. Zanen lalle yana girma a hannu layi bayan layi ma haka ake yin sa, idan mai hannun tana da haƙuri.

Ta biyu ita ce ɗora hoto kan hoto. Ki ɗauki hannu ko fuska a gaban baƙin zane, ki ɗora a kan bidiyon hadari ko na jirgin ƙasa yana barin tasha, ki zaɓi haɗawar da ake kira Screen. Baƙin zai ɓace, mai hasken ya rage. Hadarin kansa ki tara shi da hoto ɗaya duk sakan 2: sakan 10 na bidiyo mai firam 25 na buƙatar hoto 250, tsayuwar minti 8 da sakan 20.

Sautin ki naɗe shi daban, kusa da abin: daka, injin niƙa, keken ɗinki, ruwa a kan kwano. Ki gwada sa sautin da bai dace da hoton ba, gero yana motsi ana jin jirgi. A nan ne irin wannan bidiyo ke samun ransa. Waƙar wani kuwa kada ki ɗora sai da izininsa, YouTube na gane ta, ya toshe bidiyon ko ya ba mai ita kuɗin talla.

Daga wani mai karatu a Kusiri: Bidiyona yana da kyau a wayata, amma idan na tura ta WhatsApp sai ya dagule. Kuma ina son ɗauka a gadar Ngeli.

WhatsApp yana matse duk bidiyon da aka tura a matsayin bidiyo. Ka tura shi ta "Document", zai isa yadda yake. Wajen fitarwa, 1080 a megabit 8 a sakan ya wadatar, waƙar minti 4 za ta kai kamar megabait 240. Gadar kuwa ka haƙura da ita. Iyakar Kamaru da Chadi ce, ga jami'an tsaro, kuma ɗaga waya a irin wannan wuri na iya jawo a karɓe ta. Bakin kogin Logon yana da faɗi, ka nemi wurin da babu shinge ko bariki a bayanka, ka gaisa da jauro ko mai unguwa kafin ka kunna sifika, masu wanki da masunta kuma a tambaye su kafin fuskarsu ta shiga.