Amsa ga 'yar uwar da ke son ajiye ƙwayar hawan jini ta koma zoɓo

Sannu 'yar uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Kin ce an auna ki an samu 160/100, an ɗora ki a kan ƙwaya, ke kuma kina tsoron shan magani har ƙarshen rayuwa, kina tambaya ko zoɓo da tafarnuwa za su wadatar. Ni ma ciwon nan nake fama da shi, shi ya sa na kasa wucewa ban tanka ba. Wallahi na san faɗuwar gaban da kike ciki.

Don Allah kada ki ajiye ƙwayar nan. Masu lasifikar kasuwa da tasha, da masu tallar jiƙo a waya, su ne suka cuci da yawanmu. Mutum ya ɗauko gora babu suna, babu awo, ya rantse miki da Allah cewa kwana bakwai kin rabu da hawan jini har abada, ya ce maganin asibiti ne ke kashe ƙoda. Alhali jinin da aka bari yana hawa shi ne ke cinye ƙodar. Abin da ya fi ƙona min rai, ciwon nan ba ya ihu. Za ki daina ƙwaya ki ji garau, ki yi ta sa musu albarka, jini kuwa yana can yana aikinsa. Ranar da aka wayi gari baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, mai gorar ya tashi kasuwa, lambarsa ba ta shiga. Yara ne za su dawo suna juya uwarsu a shimfiɗa. Allah Ya isa kawai.

Zoɓo yana taimakawa, ban hana ki ba, amma ki san iyakarsa. A binciken da aka yi a jami'ar Tufts ta Amurka, wanda ya fito a 2010, masu shan kofi uku kullum na tsawon mako shida lambarsu ta sama a awon jini ta sauka da kamar maki 7. Ki cire 7 daga 160 ki gani, har yanzu kina saman 140, inda daga nan ake cewa jini ya hau. Kuma ba zoɓon biki ake nufi ba, mai sukari da kayan ƙamshi na leda. Ki wanke busasshen zoɓo kamar cokalin shayi ɗaya ko biyu, ki zuba masa tafasasshen ruwa kofi ɗaya, ki rufe minti shida zuwa goma, ki tace. Citta da kanumfari ba laifi. In kina da ciki ki bar shi, kuma ki gaya wa likita kina sha, musamman in ƙwayarki mai sa fitsari ce. Tafarnuwa ki sa a miya, amfaninta kaɗan ne.

Babban aikin yana cikin tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙule kuwa kusan rabinsa gishiri ne, wani ma ya fi. Sai ki ga an jefa biyar ko shida a miyar kuka, an bi da gishiri, an kawo yaji a gefe, shi ma da dunƙule da gishiri aka daka shi. Ga ƙullin sinadarin taliyar yara, ga kilishi, ga kifin gwangwani, ga burodi. Kada ki yanke lokaci ɗaya, maigida zai ture kwano, ke ma ki karaya. Wannan makon ki rage kashi ɗaya cikin huɗu, mako mai zuwa ki ƙara ragewa. Cikin 'yan makonni harshe ya saba. Ki cike gurbin da daddawa, albasa mai yawa, attaruhu, citta, masoro da busasshen kifi marar gishiri. Yajinki ki daka da kanki.

Kanwa ma fa! Mutane ba sa lissafa ta, alhali sinadarin da ake gudu a gishiri yana cikinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da gashin jiki a kan gadon wuta. In haihuwa kika yi kwanan nan, ki lallaɓa su Inna su ɗauke miki kunun. Wake kuma ki jiƙa shi tun dare, zai dahu ba sai da kanwa ba.

Ki yawaita wake, alayyahu, zogale, kabewa, dankalin Hausa, ayaba, lemo da kankana. Sai dai in an taɓa ce miki ƙodarki ta taɓu, ko kina kan ƙwayar hawan jini irin lisinopril ko losartan, ki tambayi likita kafin ki dage da su, domin sinadarin fotasiyam na iya taruwa a jini. Goro da shayi mai kauri a rage. Diclofenac da ibuprofen da muke saye a kemis don ciwon baya suna ɗaga jini. Ƙwayoyin ƙiba da ake ba amare, su kam sun fi komai muni, ban san ranar da za mu daina yi wa 'ya'yanmu wannan ba.

Tafiya minti 30, kwana biyar a mako, da saurin da numfashi zai ɗan ɗaga amma kina iya magana. In fita na da wuya, tsakar gida ta isa, bayan asuba kafin rana ta yi zafi. In akwai ƙiba, kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage kusan maki ɗaya. In ana ce miki kina munshari har numfashi na ɗaukewa, shi ma ki faɗa a asibiti.

Ki nemi na'urar awo ta damtse, ta wuyan hannu tana yawan kuskure. Ki zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba shayi ko goro rabin awa kafin nan. Ki auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe da yamma, mako guda, ki rubuta. Wannan takardar ce za ta sa likita ya rage miki magani in ya ga dama ta samu. In amlodipine na kumbura miki ƙafa, ko lisinopril na sa ki busasshen tari, ki koma a canza miki, akwai wasu. In kuma kika ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko gani na dishi-dishi, ko nauyin harshe, kada ki tsaya dafa zoɓo, a nemi abin hawa a kai ki asibiti a lokacin.