Amsa: Me ya haɗa filatilet da hanta bayan tiyata?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an yanke masa wani ɓangare na hanta, likitoci kuma kullum sai duba filatilet (ƙananan ƙwayoyin jini masu taimakawa wajen tsayar da zubar jini) suke yi, alhali ba jini yake zubarwa ba.

Ai waɗannan ƙananan ƙwayoyin ba tsayar da jini kaɗai ne aikinsu ba. Hanta tana sake tofowa: tun a 1931 aka cire wa ɓeraye kashi biyu cikin uku na hantarsu, cikin kwana goma ta kusa cikowa. Da an yanka, filatilet kan taru a ragowar hantar, su saki sinadarai, har da serotonin, masu zaburar da ƙwayoyinta su hayayyafa. A 2006 masu bincike a birnin Zurich na ƙasar Switzerland suka ga ɓerayen da aka rage wa filatilet hantarsu na jan ƙafa wajen tofowa.

Ki leƙa takardar gwajinsa. Adadin filatilet na daidai shi ne 150,000 zuwa 450,000. In ya faɗi ƙasa da 100,000 bayan tiyata, likita kan ƙara sa ido.

Amma don Allah kada ku matsa a ƙara masa filatilet haka kawai. Suna iya haddasa daskarewar jini a jijiyar hanta.